Dokin Arlo Ba Ya Ɗaukar Ƙaho

Salmon, Idaho
16 ga Agusta, 1986

Zuwa ga Yayata Loreen,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ba a awo ba a tayi. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Merle da gwiwarsa mai duban ruwan sama. Yaya jikoki? Yaya hawan jinin, ya sauka ko yana nan yana tashi kamar kuɗin mai? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kara kuwa, inda nake gwanjon shanu, ba yabo ba fallasa.

Wasiƙarki ta iso. Kin cika shafi biyu da tambayar lafiyata, sai can ƙasa a ɗan lungu kika ce wai ko bana za a samu kilishin elk, ƙaton barewar nan ta duwatsunmu, tunda likita ya raba ki da nama mai kitse. Yaya, kada ki gwada mini sana'ata. Mai saye na gaskiya shi ne wanda zai yabe duk shanun da ke cikin shinge, ya bar wadda yake so sai zai tafi. Kilishi zai zo, kuma daga bakana zai fito, don bana ni ke da harbi.

Kin san tsarinmu da Arlo Tibbets tun muna samari. Shekara guda shi ne a gaba da baka, ni ina baya cikin itatuwa da bututu ina kukan bijimin elk in jawo masa; wata shekarar mu juya. Bututun ma dai shi ne wannan mesar injin wankin Mama da muka yanke, kika bi mu da tsintsiya har bakin titi. Yana hannun Arlo tun kakar bara. Doka ɗaya ce tak a tsakaninmu: mai harbi ke zaɓen sati, mai kira ya bi. Bara ya zaɓi na uku, na bar gwanjo na bi shi ban ce uffan ba. To, na ce wani abu, amma dai na bi.

Yanzu ga labarin. A Kwarin Tukunya akwai wani bijimin elk. Na gan shi a watan jiya da na hau duba shanun wani, ƙahonsa ma bai gama zubar da gashi ba. Reshe bakwai kowane gefe, wuya kamar gangar mai, jiki ya kai na doki. Tun da nake hawa dutsen nan ban taɓa ganin irinsa a tsaye ba, sai kai a kafe a bangon banki.

A shagon kofi na bakin kara, da Agusta ta kama kowa ya zama malamin sati. Wata guda gwamnati ta ba 'yan baka, amma gardamar ta fi watan tsawo. Masu satin uku sun fi yawa, don lokacin barbara ta kankama, duwatsu sun cika da kuka, ko kurma ya san inda bijimi yake. Abin da ba sa faɗa shi ne, a lokacin babban bijimi ya riga ya tara matansa, kowace da idanu biyu da hanci, ka kira shi ya amsa maka da ladabi sannan ya kora iyalinsa ya haye tudu. Arlo ɗan satin biyu ne zuwa uku: a bari raɓa ta fara daskarewa, bijimi yana yawon neman mata bai samu ba tukuna, zuciyarsa a kusa, ka yi masa kuka ɗaya ya taho yana karya itace. Satin farko kuwa ba mai so. Zafi, shiru, ƙuda. Amma a satin farko bijimi yana da ɗabi'a kamar ma'aikacin gidan waya: kullum da hantsi sai ya sauko kududdufinsa ya yi birgima a taɓo. Wanda ya san kududdufin ya gama ciniki. Ni kuwa na san shi.

Saboda haka na zaɓi satin farko. Na gaya wa Arlo a bakin shingensa. Kin san Kurma, kamar yadda nake kiransa, sai da ya gama ɗaure wayar da yake ɗaurewa sannan ya ce, "Ingiricina zai kasance a ƙasa, Sarkin Baki. Kuma nama ba ya jiran mutum a wannan zafi." Na ce doka doka ce. Ya ce ba a taɓa yin wanda ya zaɓi satin yankan ciyawa ba. Na ce ba a taɓa yin bijimi mai reshe bakwai ba.

Akwai ɗan abin da ban gaya masa ba, ke ma don kada ki ji a bakin wani ne. Na sayar da alfadaraina biyu. Wani likitan haƙori daga Boise, Dokta Pruitt, ya zo kara da sabuwar hula da sabon takalmi yana neman dabbar kaya, wai bana zai fara farauta. Irin wannan mutum sau ɗaya Allah yake turo maka shi a shekara goma. Na yi masa kuɗin da ni kaina sai da na ji kunya, ya fara shafa aljihu yana duban ƙofa. Kin san idan ciniki ya kai nan sai da gyara. Ba ni da igiya ko akumarin da zai burge shi, sai na ce masa alfadaran nan sun san hanyar wani kwari da kansu, inda na ga wani bijimi da idona. Ya tambayi sunan kwarin. Yaya, kuɗi a hannunsa suke, ina kallonsu. Na faɗa.

Ya ce zai zo daga sati na biyu ya yi kwana goma sha. Kin ga ke nan satin farko ba ni na zaɓe shi ba, shi ya zaɓe ni. Dawakan Arlo suna nan, su za su sauko da nama kamar kullum. Don Allah idan kin yi waya da Nadine matar Arlo kada wannan magana ta fito. Abin da Nadine ta ji, Arlo ya ji kafin miya ta huce.

Ki gaida Merle, ki ce masa ya rage zama. Ki tsumayi kwali a tsakiyar Satumba.

Ƙaninki,
Orrin


28 ga Agusta

Yaya Loreen,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da fatan gwiwar Merle ta yi sauƙi, na ga amsarki, kuma na gode da wa'azi. Ban san har yanzu kina riƙe da tsintsiyar ba. Kin ce Tukunya ba tawa ba ce balle in bayar gyara, baban Arlo ne ya nuna mana ita. Na sani. Amma dutsen gwamnati ne, da ni da Arlo da likita duk haraji ɗaya muke biya. Baban Arlo bai bar takarda ba.

Ki kwantar da hankalinki, ba ke kika tona ni ba. Likitan ne da kansa. Ranar Lahadi ya ɗebo alfadaran a mota wai zai je ya gano hanya, ya ɓata, ya rasa ƙofar da zai tsaya tambaya duk faɗin kwarin nan sai ta Arlo. Nadine ta ce ya cire hula da fara'a ya ce, "Sannu maigida, ina hanyar Tukunya? Mista Haskett ya ce akwai mai reshe bakwai a can." Ga alfadaraina sun leƙo kai ta bayan mota suna kallon Arlo, wanda ya gyara musu kofato da hannunsa a bazara.

Ta ce Arlo ya nuna masa hanya. Hanyar gaskiya kuwa, har da inda ruwa ya cinye gada. Wannan mutum ko ƙarya bai iya ba, kuma wai ni ake gani da laifi.

Na je da yamma. Yana ƙarƙashin injin yanka, ƙafafunsa kawai nake gani. Na yi magana mai tsawo, mai kyau kuma, da a kara ne da na sayar da jaki a kuɗin doki. Da na gama ya ce, "Ka bar shi ya zo. Likita da alfadarai biyu, bijimin zai ji su tun daga gada. Mu shiga bayansa, sanyi ya sauka, ciyawata tana rumbu." Na ce sa'ar wawa ba ta da magani, na sha ganin yaro ya harbi abin da tsoho ya yi shekaru yana bi. Ya ce, "Nawa ya ba ka a kan Tukunya? Ina so in san kuɗin wurin babana." Daga nan sai ƙarar ƙarfe.

Gobe zai fara yanka. Jibi ake buɗe daji. Zan hau ni kaɗai, tunda a kududdufi ba a buƙatar mai kira, zama ne da haƙuri. Kada ki yi dariya, na iya yin shiru idan akwai riba. Duk shekarar da take tasa ina bin satin da ya zaɓa, sau ɗaya na nemi na farko sai ga shi ciyawa ta fi ni. Ki rubuta wannan ma a cikin wa'azinki na gaba.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Naki,
Orrin


9 ga Satumba

Yayata,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya ke da Merle da yara. Idan rubutun ya karkace, kafaɗata ce, har yanzu ba na iya ɗaga hannu sama da kunne.

Na kashe shi. Bari in fara da wannan, don nan gaba ba wanda zai tuna. Na ce zai zo kududdufi da hantsi, ya kuwa zo. Duk malaman shagon kofi ba wanda zai ce lissafina bai fita ba.

Na yi kwanaki ina zaune a gindin wani kututture, sauro yana cin rabonsa, ba motsi sai tsuntsaye. Ran Laraba rana ta ɗaga, na ji ƙarar tsinke. Ya fito daga cikin kurmi a hankali kamar mai gidan da ya san ba a fara cin abinci sai ya zo. Ya shiga taɓo har gwiwa, ya sunkuyar da wannan kai ya kwaso laka ya watsa a bayansa. Yana kusa da ni har ina jin numfashinsa. Na ja tsirkiya na saki. Kibiya ta shige bayan karfata har gashinta.

Da ya faɗi a nan cikin inuwa, kusa da ruwa, da wata wasiƙa kike karantawa. Sai ya zabura ya haye ƙaramin tudu ya gangara gefen da gobara ta cinye shekarun baya, inda ko inuwar sanda babu. Can na same shi rana tsaka, ya faɗa tsakanin wasu gungume biyu, ƙafafu a ƙasa. Yaya, mutum ɗaya ba ya juya elk. Na ja, na tura, na yi masa magiya, na zage shi. Dutsen da ke gefena ba ya taɓuwa don zafi. Na feɗe gefen sama, na cire cinya da karfata da naman gadon baya na rataye a wani busasshen reshe, ƙuda da rina sun taru kamar ranar babban gwanjo. Gefen ƙasa kuwa sai can da la'asar na iya kai masa wuƙa, yana kwance cikin fatarsa yana dahuwa.

Na goyo karfata ɗaya da naman baya na sauko. Kin san nisan Tukunya daga inda mota take tsayawa. Da na iso, dare ya yi. A nan ne za ki ce me ya hana ni wucewa gidan Arlo kai tsaye. Na bi ta ƙofarsa. Na ga fitilar injinsa tana yawo a gona. Na rage gudu, sai na tuna tambayar nan ta nawa ya ba ka, na taka mai.

Da safe na shiga neman dabba. Kowa yana cikin ciyawa, wanda ke da doki ya ce ɗansa ya tafi da shi, wanda ke da alfadari ya ce gurgu ne. Mutanen da na yi shekaru ina sayar wa shanu, ashe kowa yana da abin da yake riƙe da ni. Har Boise na buga waya, ki ji ƙarshen wulaƙanci, in roƙi aron alfadaraina. Yarinyar ofis ta ce likita hannunsa yana cikin bakin wani, ko ciwon na gaggawa ne? Na ce ƙwarai kuwa.

Rana ta yi sama sosai kafin na tsaya a gonar Arlo. Ciyawa ta bushe daidai, layi-layi har bakin rafi, ya ɗaure kusan kashi ɗaya cikin uku. Nadine tana jan motar kwasa. Daga yamma kuwa hadari ya fara haɗuwa, na farko tun watan Yuli. Ya tsayar da inji bai kashe ba. Ya dubi jinin da ke rigata, ya ce, "Yaushe?" Na ce jiya da hantsi. Ya dubi agogo, ya dubi yamma, ya dubi gonarsa. Sannan ya kashe inji.

Nadine ta ce, "Arlo, hadari fa." Ya ce, "Na gani." Ta juyo gare ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Orrin. Ka ci kasuwa." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ban roƙe shi ba, Yaya, ki riƙe wannan. Ban buɗe baki na ce ya bar ciyawarsa ba. Tsayawa kawai na yi. Amma ki jira ki ji yadda za a ba da labarin.

Mun hau da dawakai uku. A hanya na ba da labarin harbin sau biyu, kunnen doki kawai ya motsa. Tun kafin mu haye tudun dawakai suka fara hura hanci suna toge ƙafa. Daga waje naman kamar ba abin da ya same shi, ya yi ɓawo baƙi mai kyau, har na fara cewa ka gani ko. Arlo ya zaro wuƙa ya soka a cinya har ta taɓa ƙashi, ya zare ya shinshina. Bai yamutse fuska ba. Miƙo mini ya yi, ta wajen ƙota, da ladabi. Daga ƙashi yake fara lalacewa, ya yi kore, warin kamar ka buɗe tsohuwar rijiya. Cinya biyu, karfata, wuya, haƙarƙari. Abincin gida guda na shekara.

Na ce to mu bar wa dila, mu ɗauki kai mu gudu ko a ceci ciyawa. Ya yi kamar bai ji ba. Ya shimfiɗa mangala ya fara lodi, yanki bayan yanki, har da wanda tsutsa ta fara yi wa hidima, yana gwada nauyin kowane gefe yana ɗaurewa a tsanake kamar naman biki. Da aka gama na kinkimo ƙahon zan ɗora a kan doki na uku, wanda kayansa ba su da yawa. Ya dafa igiya ya ce, "Dokina na nama ne, Sarkin Baki. Wannan naka ne, kai ka zaɓa."

Haka na saɓo shi a wuya. Faɗinsa ya fi hanya, kowane reshe sai ya gaisa da kowace bishiya, ƙoƙon kai yana ɗiga mini a ƙeya, ga dawakai a gabana iska tana kawo mini warin abin da na yi ciniki a kansa. Ba mu yi rabin hanya ba ruwa ya sauko, mai sanyi, da ƙanƙara a ciki. Arlo bai waiwaya ba, amma na ga bayansa, na san lissafin da yake yi.

Da muka kai mashigin dutse ruwan ya ɗan tsagaita, hazo ya kwanta cikin Tukunya. Sai wani bijimi ya yi kuka daga can ƙasa, na farko a bana. Wani ya amsa daga gefe. Kan ka ce kwabo kwarin ya ɗauka. Bututun yana rataye a sirdin Arlo, ashe ya ɗauko shi, ko sabo ne ko don ya ƙona mini rai. Ya tsayar da doki ya saurara. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sati guda, Orrin." Ya kaɗa linzami.

A bakin gada muka tarar da jami'in namun daji a motarsa. Kin san doka: wanda ya sauko da ƙaho ya bar nama a daji, tara ce da ƙwace baka da suna a jarida. Ya ɗaga murfin mangala, ya ja da baya, ya ƙirga cinya da karfata, na ce ɗayar karfatar tana gida, ya ga komai ya cika. Ya dubi Arlo, ya dube ni da rawanina na ƙashi, ya ce, "Zafi bana ba kyau." Ya sallame mu. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Kurma ya yi lodin ruɓa. Ko daga hannun hukuma sai da ya fitar da ni, don kada ya bar mini ko ƙofa ɗaya da zan tsaya in ce ba ya bina komai.

Mun binne naman a bayan gonarsa da injin haƙa, cikin ruwa. Yau kwana nawa ke nan sama ba ta buɗe ba. Abin da na goyo ranar farko na ci kaɗan, sauran na kai wa Nadine, ta ce firjinta ya cika.

Kada ki jira kwali. Ki gaida Merle.

Orrin


15 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Loreen,

Gaisuwa da fatan alheri, da ban haƙuri kan shirun da na yi. Wasiƙunki biyu suna nan na karanta. Na ji daɗi da aka ce jinin ya sauka. Yaya sanyi wajenku? Nan dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu, Tukunya sai baɗi.

Kin tambayi ciyawa. Ta yi baƙi a ƙasa, ko shimfiɗar garke ba ta yi ba. Kin ce in je in ba shi haƙuri. Na aika masa mota guda ta ingirici mai kyau daga wajen wani da nake hulɗa da shi, direban ya dawo da ita, wai an ce ya yi ɓatan gida. To ki gaya mini da wane yare ake ba da haƙurin da ya fi wannan.

A kara kuwa na samu sabon suna. Ina shiga shagon kofi wani zai toshe hanci ya ce a buɗe taga, Mai Turare ya iso. Mutanen da ko zomo ba su taɓa harba da baka ba. Dokta Pruitt ya yi kwanakinsa a Tukunya, bijimai suna kuka ta ko'ina, bai ga ko wutsiya ba, alfadari ɗaya ya zubar da shi a rafi. Ya sauko yana murna kamar an ba shi sarauta, wai bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. Arlo ya faɗa, na sani, ba sai kin tuna mini ba. Likitan ya ga ƙahon a rumfata ya yi tayi mai tsoka, zai kafa a ofis masu ciwon haƙori su riƙa kallo. Ni da na sayar da agogon Baba, ni da ban taɓa barin tayi ya kwana ba, na ji bakina ya ce albarka. Ban kafa shi a ɗaki ba kuma. Yana can saman rumfa, kaji suna hawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi babban gwanjon kaka. Arlo ya kawo shanu, ba maruƙa kaɗai ba, har da iyaye mata masu ciki, waɗanda ya yi shekaru yana tace irinsu, don ba abin da zai ciyar da su har bazara. Ni ke kan dakalin gwanjo. Yaya, ban taɓa yin gwanjo irin na ranar ba. Na yi kirari, na yi zolaya, na haɗa maƙwabta biyu faɗa, na sa wani ɗan Montana ya sayi saniya a kuɗin da matarsa za ta tambaye shi dalili. Muryata ta dushe. Duk wanda ke wurin ya san abin da nake yi, shi ma ya sani.

Kin san a ranar wannan gwanjo ne muke musayar bututu. Mu zauna a teburin lungu, wanda ya yi kira ya turo shi ta kan tebur ya ce saura kai, shi ke nan an ɗaura baɗi. Na riga shi zama, na sayi kofi biyu. Ya shigo, ya tsaya a kaina da hularsa a hannu, ya ce, "An yi ciniki mai kyau. Na gode, Mista Haskett." Ya miƙo hannu muka gaisa kamar a coci. Tun muna aji ɗaya mutumin nan bai taɓa kirana da sunan Baba ba. Na ce, "Kurma, kofinka zai huce." Ya ce Nadine tana jira a mota.

Na leƙa ta taga. Tana zaune a a-kori-kurarsu, ga mesar Mama a rataye a madubi. Maƙwabtansu sun ce kullum da yamma ana jin wani bijimi mai mura yana kuka a bayan rumbun Tibbets, karnuka suna amsawa. Wai Nadine tana samun ci gaba da koyon kira.

Kwalin da ya zo miki da wannan wasiƙa ba nawa ba ne. Arlo ya harbi macen elk da bindiga a ƙarshen Oktoba, cikin sanyi, ya sauko da ita a ranar. Nadine ta kawo kilishin har kara ta ajiye a kan teburina, ta ce, "Na Loreen ne. An ɗaure, kuma na san yadda na ɗaure." Ban taɓa ba. Kuɗin aikawa dai ni na biya, ki san da wannan. Ki ci lafiya, amma kada ki rubuto ki gaya mini ya yi daɗi.

Baɗi shi ke da harbi, shi ke da zaɓen sati. Na riga na gaya wa masu kara su nemi wani ya hau dakali, Satumba gaba ɗayanta ba na nan. Sun tambaye ni wane sati, na ce duka. Ba don ban san wanda zai zaɓa ba. Zai jira ciyawa ta shiga rumbu, raɓa ta daskare a kan shinge, bijimai su fara yawon neman mata. Duk garin nan ba wanda bai san satin Arlo ba. Ni dai ba a gaya mini ba.

Ki gaida Merle da yara. Allah ya bar zumunci, inda ya rage.

Ƙaninki,
Orrin